Sadakar wanda ya dawo hannu rabbana

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ƙanena, Allah ya yi maka albarka da ka fito ka yi wannan tambaya, domin da yawa suna ɗauke da ita a ciki, kunya ce ta hana su furta ta. Ka ce ka yi shekara uku a Libiya kana aikin gini, ka dawo Tawa, nan Nijar, hannu rabbana, har yanzu ba ka samu abin yi ba, kuma duk ranar Juma'a idan ka ga mutane suna miƙa wa mabarata dala biyar ko dala goma a ƙofar masallaci sai ka sunkuyar da kai ka wuce. Sannan ka tambaya ko maganar da malamai ke yi cewa murmushi da kyakkyawar magana sadaka ne gaskiya ce har cikinta, ko kuwa lallashin talaka ne kawai don kada ya karaya. Ni ba malamin addini ba ne, tsohon mushen lakkwal ne, wato malamin makarantar boko, da ya ajiye alli, saboda haka fatawa ba tawa ba ce. Abin da nake da shi shi ne na taɓa zama a tabarmar da kake zaune a kanta yanzu, kuma na daɗe a kanta.

Waɗanda suka yi aikin gwamnati a ƙasar nan cikin shekarun 1990 sun san abin da nake nufi. Albashi ya riƙa maƙalewa wata da watanni, sannan a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Ina da mata da ƴaƴa huɗu a lokacin, mai shagon unguwa ya cika shafi biyu na littafinsa da sunana, kuma na kai matsayin da nake sauya ƙofar da nake fita daga masallaci don kada wani makaho da ya saba da muryata ya gane ni ya yi mini addu'ar da ba ni da abin sakawa. Wannan kunyar da kake ji na san ɗanɗanonta.

A cikin wannan hali ne nake zuwa ɗaukar karatu bayan Magariba a zauren wani dattijon malami, Allah ya jiƙansa, muna bin Arba'una Hadisi. Da muka zo hadisi na 25, wanda Muslim ya ruwaito daga Abu Zarri, sai na ji kamar ni aka aika in kai ƙara. Wasu sahabbai ne suka je wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka ce masu dukiya sun kwashe lada, domin suna salla kamar yadda muke yi, suna azumi kamar yadda muke yi, sannan suna sadaka da rarar dukiyarsu. Ya nuna musu cewa tasbihi da kabbara da hamdala da hailala duk sadaka ne, haka umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Hadisi na 26 kuma, na Abu Huraira da ke cikin Buhari da Muslim, ya ce kowace gaɓa ta jikin mutum akwai sadaka a kanta duk ranar da rana ta fito, ya lissafa daidaita tsakanin mutum biyu, da taimaka wa mutum ya hau dabbarsa ko ɗora masa kaya, da kalma mai daɗi, da takun da ake yi zuwa salla, da kawar da abin cutarwa daga hanya. Wata ruwayar Muslim daga Nana A'isha ta ƙidaya gaɓoɓin 360.

Don haka ba lallashi ba ne. Tambayarka ta riga ka zuwa duniya da shekara fiye da dubu da ɗari huɗu, kuma mutanen da suka fi mu ne suka yi ta. Ka duba kuma aya ta 92 a Suratut Tauba, game da waɗanda suka zo lokacin yaƙin Tabuka, a shekara ta 9 bayan Hijira, suna neman abin hawa aka rasa, suka juya idanunsu na zubar da hawaye don baƙin cikin ba su da abin ciyarwa. Alƙur'ani bai zarge su ba, ɗauke musu laifi ya yi.

Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa wa matasa ba, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubuta maka wannan dogon bayani. Sadakar da ba ta kuɗi ba, ba sadaka ce mai arha ba. Dala goma da ake jefawa a ƙoƙon almajiri ita ce mafi sauƙi a cikin duk sadakoki ga wanda yake da ita, domin ba ta ɗaukar minti guda kuma ba ta hana barci. Ɗayar kuwa da ƙafa ake biyanta, da zufa, da lokacin da za ka yi hira a fada ana shan shayi, wani lokaci ma da girman kanka. Wanda ya ɗauka cewa yaƙe haƙora ga duk wanda ya gamu da shi ya wadatar, bai fahimci zancen ba.

Da malamin nan ya lura da halin da nake ciki, sai ya tuna mini cewa a layinmu kaf ni kaɗai ne na iya rubutun boko. Ka san Adar ƙasar ƴan bida ce. Da an gama girbi maza su kama hanyar Abijan ko Kamaru ko Libiya, a bar mata da tsofaffi da yara. A wancan zamani babu salula, wasiƙa ce ko kaset da ake ba direba ko wani mai dawowa gida. Sai na shimfiɗa tabarma a zaurena bayan La'asar, mata su turo yaro da takarda ko su zo da kansu su tsaya daga bakin ƙofa, in karanta musu, in rubuta amsa, ban karɓi ko dala ba, alhali akwai masu yin wannan aiki don kuɗi. Har yau ina tuna wata tsohuwa da ta zo da wasiƙa ƙulle a bakin zanenta, ta yi kwana tara tana yawo da ita don tana tsoron abin da ke ciki, takardar har ta yi laushi da zufa. Da na karanta mata cewa ɗanta lafiya lau yake, zazzaɓi ne ya kwantar da shi ya warke, sai ta ce in maimaita, na maimaita sau uku kafin ta tashi.

A nan ne kuma na yi kuskuren da har gobe nake neman gafara a kansa. Wani magidanci ya rubuto cewa ya aiko wa matarsa jikka ashirin ta hannun wani abokinsa, na karanta mata, ta tafi. Da dare muna zaune da abokai, zancen ƴan bida ya taso, sai bakina ya kuɓuce na ce ai wane ma ya fara samu, ga abin da ya aiko. Kafin kwana biyu magana ta isa kunnen mahaifiyarsa, wadda ba a aiko mata da komai ba a wannan karon, gida ya kama da wuta, matar ta yi yaji wata guda. Ni da na zauna neman lada, na ƙare da raba uwar miji da surukarta. Tun daga ranar na san cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Duk wanda ya ba ka takardarsa ka karanta masa, ko ya miƙo maka wayarsa ka duba masa saƙon kuɗi, asirinsa ya damƙa maka, kuma riƙe asirin yana cikin sadakar, ba wani abu ne daban ba.

Yau wasiƙa ta mutu, amma buƙatar tana nan, tufafi kawai ta sauya. Ka je bakin babban asibitin garin nan da sassafe ka ga mutanen ƙauye da suka kwana a kan tabarma, sun zo daga wajen Bambai ko Kalfu ko Takanamat, riƙe da takardar magani da aka rubuta da Faransanci, ba su san ƙofar da za su nufa ba, ba su san wane ne za a sha da safe wane ne da dare ba. Na yi shekaru ina ware safiyar Litinin don wannan kawai, in raka wannan wurin awon jini, in karanta wa wancan yadda ake shan magani, in riƙe wa wata layi ta je ta shayar da jaririnta. Hadisin Tirmizi daga Abu Zarri, wanda ya fara da murmushi a fuskar ɗan uwa, bai tsaya a murmushin ba. Ya ci gaba da shiryar da mutum a ƙasar da ya ɓata, da yi wa mai raunin gani jagora. Baƙauye a farfajiyar asibiti ɓatacce ne ko da idonsa biyu. Abu guda nake jan kunnenka a kai: kada ka zama likita. Ka karanta abin da aka rubuta, inda ba ka gane ba ka koma da shi wurin wanda ya rubuta.

Kuma tun da kai matashi ne mai lafiya, akwai abin da kake ɗauke da shi wanda attajiri ba zai iya ƙerawa da kuɗinsa ba, wato jini. Daga tsakiyar damana zuwa kaka, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, za ka ga uwa riƙe da ɗa idonsa ya yi fari fat, an ce sai an ƙara masa jini, dangi kuwa suna can ƙauye. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, ma'aikata sai sun auna ka sun tabbatar kana iyawa, kuma bayan wata uku namiji yana iya sake bayarwa. Na bayar sau da dama kafin shekaru su hana ni, ban taɓa sanin yaran da aka sa wa ba, kuma na fi son haka.

Akwai wani yanki na hadisin Tirmizin nan da duk Ba'adare zai ji shi a kafaɗarsa, inda aka ce juye ruwan gugarka cikin gugar ɗan uwanka sadaka ne. Wanda ya tashi a gidan da ake murɗa famfo ba zai gane nauyin wannan magana ba. Amma wanda ya ga rijiyoyin ƙauyukanmu a watan Afrilu, igiya gaba da gaba, mata sun yi layi tun asuba, tafin hannu ya yi kanta, ya san cewa guga ɗaya da ka jawo ka juye wa tsohuwa ƙarfinka ne ka yanka ka ba ta. Haka nan aron kayan aiki. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa a zamanin Annabi suna ƙidaya aron guga da tukunya a cikin ma'un ɗin da sura ta 107 ta zargi masu hana shi. A wurinmu wannan shi ne turmi da taɓarya, da tsani, da galma, da amalanke, da garwashin da maƙwabciya ke aiko yarinya ta ɗiba a murfin kwano. Buhari kuma ya kawo hadisin Abdullahi ɗan Amru cewa akwai ɗabi'u arba'in, mafi ɗaukakarsu ba da aron akuya a sha nononta a mayar, kuma wanda ya yi aiki da ɗaya daga ciki yana fatan ladarta, yana gaskata alkawarin da ke kanta, Allah zai shigar da shi Aljanna. Ɗaya daga cikin masu ruwayar ya ce sun zauna ƙidayar sauran, irin su amsa sallama da gaida mai atishawa, ba su iya kai goma sha biyar ba. Duk sanda na ji wannan hadisi sai in tuna habbanayen Fulani, inda ake ba wanda dabbobinsa suka ƙare aron saniya ko akuya, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan ya mayar da uwar. Ba sisi da ya fita daga aljihun kowa, amma gida ya tashi.

Maganar itace ba zan ja ta ba, kowa ya san hadisin Anas cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Tun 1975 ake dashen itatuwa a ƙasar nan duk ranar 3 ga Agusta, kuma na halarci da yawa da ɗalibaina. A ganina ladar ba ta wurin mai dasawa a gaban kyamara take da yawa ba, tana wurin wanda zai ɗauki bokiti a watan Maris ya ba dashen ruwa, ya kewaye shi da ƙaya don awaki. Layukan dogon yaro da ke kare gonaki daga iska a kwarin Majiya ba da biki suka girma ba, tsaro aka yi musu.

Abu biyu ne na ga sun fi kowane nauyi. Na farko haƙar kabari. Ƙasarmu dutse ce, wani wurin sai an sa diga, kuma idan aka yi rasuwa za ka ga mutum ɗari a zaune ƙofar gida ana addu'a, masu haƙa kuwa ba su wuce biyar ba, kullum su ne dai. Kai da hannunka ya saba da diga da shebur, wannan ƙofa a buɗe take gare ka, kuma wanda ka yi wa ba zai taɓa tashi ya gode maka ba. Na biyu sulhu. Aya ta 114 a Suratun Nisa'i ta jera gyara tsakanin mutane tare da umurni da sadaka. Na taɓa yin wata huɗu ina kai da kawowa tsakanin wa da ƙane a kan iyakar gona da ba ta fi taku uku ba, kowanne yana zargina da goyon bayan ɗayan, ɗaya ma ya bar amsa gaisuwata. Sun shirya daga baya a wurin sunan jikansu, kuma babu wanda ya tuna da ni a cikinsu. Na ji zafi a lokacin, ba zan ɓoye maka ba, kuma zafin nan ne ya nuna mini cewa niyyata ba ta gama tsarkaka ba.

Wannan ya kawo ni ga gori. Mutane suna zaton aya ta 264 a Suratul Baƙara, wadda ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, masu kuɗi kaɗai take kallo. Ko kusa. Talaka ma yana gori, kuma nasa ya fi ɗaci, domin ba shi da rasit sai baki: ni na kwana da kai a asibiti, ni na ɗauki gawar ubanka, ba don ni ba da aurenki ya mutu. Da ka faɗi haka ka sayar da aikin, kuma ka sayar da shi da araha. Ayar da ta gabace ta, ta 263, ta ce magana mai kyau da yafiya sun fi sadakar da cutarwa ke biye da ita. Shi ya sa Hausawa suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Idan mabaraci ya tare ka ranar Juma'a ba ka da komai, ba sai ka sunkuyar da kai ba. Ka dube shi, ka yi masa sallama, ka ce Allah ya ba mu, da murya irin wadda kake so a yi maka magana da ita. Makahon nan da nake gudu, da na daina gudunsa na koma kama masa sanda ina tsallakar da shi titi, mun yi shekaru muna zumunci, kuma shi ne ya fara zuwa yi mini barka ranar da aka biya mu bashin albashi.

Ga ƴan uwa masu hali da za su karanta wannan, ina roƙon kada a mai da waɗannan hadisai mafaka. Wanda zakka ta wajaba a kansa, murmushi ba ya sauke masa ita, kuma wanda rumbunsa ke cike maƙwabcinsa na kwana da yunwa, cire ƙaya daga hanya ba ya wanke shi. An buɗe wannan ƙofa ga kowa da kowa, amma ba a buɗe ta don a rufe waccan ba.

Kai kuma ƙanena, ka lura da jerin da ke cikin hadisin Abu Musa al-Ash'ari a Buhari da Muslim. Da aka ce sadaka tana kan kowane Musulmi, aka tambaya idan bai samu ba fa, amsar farko ita ce ya yi aiki da hannunsa ya amfani kansa kuma ya yi sadaka. Sai idan bai iya ba ne aka ce ya taimaki mabuƙaci da ke cikin ƙunci, sannan ya yi umurni da alheri, a ƙarshe ya kame daga sharri, wannan ma sadaka ce gare shi. Abu Mas'udu ya ce da aka umurce su da sadaka, dako suka riƙa yi a kasuwa don su samu abin bayarwa. Saboda haka kada aikin lada ya sa ka bar neman na kuɗi. Ranar Lahadi kasuwar Tawa tana ci, ana neman masu sauke buhunan albasa da hatsi, kuma ba abin kunya ba ne ga wanda ya ga garin Sabha na Libiya da idonsa. Kada kuma ka manta da cikin gida, domin mahaifiyarka da ta yi shekara uku tana kwana da fargabarka ita ce ta fi cancanta da sakin fuskarka, ba mutanen titi ba.

Ka ce gini ka koya. Tun damanar 2024 da ruwa ya rushe gidajen laka da yawa a ƙasar nan, akwai katangun da har yanzu zana ce ko tsohon buhu ke tsaye a madadinsu, galibi na zawarawa da tsofaffin da ƴaƴansu ke bida. Ba za a rasa irinsu a unguwarku ba. Ka fara zuwa wurin mai unguwa ko limami su yi maka iso, domin bai dace saurayi ya faɗa gidan da babu namiji haka kawai ba, kuma a gabatar da abin a matsayin gayya don kada masu gidan su ji an tona musu asiri. Ka nemi samari uku ko huɗu daga fadarku, wasu su kwaɓa laka wasu su miƙo tubali, kai ka riƙe igiya da cokalin gini, a bar wayoyi a aljihu kada a ɗauki hoto. Ku fara tun da sanyin safiya, kuma ku yi shi kafin watan Yuni, domin laka tana son rana ta bushe kafin hadari ya taso daga gabas.

Allah ya buɗa maka, ya sa ka ga ranar da za ka bayar da hannu biyu. Wassalamu alaikum.